Ajin Ya-ku-bayi: Mutanen Rima a Jirgin Habasha

Alhajin kujerar gwamnati bai san zango ba. Ya taso daga Wurno ko Rabah ko Goronyo, ya yi kwanakinsa a sansanin alhazai, a kira sunansa, ya hau jirgi a filin Sultan Abubakar III na Sakkwato, ya sauka a ƙasa mai tsarki. Mu masu Umra da tikitin araha tamu hanyar daban ce. Mota ta wuni da kai zuwa Kano, ka hau jirgin Habasha a filin Malam Aminu Kano, ya sauke ka Addis Ababa da dare, a ce maka na Jidda sai gobe da yamma. Ejan ɗin da ya yankar mana tikiti ya kira wannan "ɗan jira". Kujerunmu kuwa can bayan labule, ajin ya-ku-bayi, inda gwiwarka ke gaisawa da bayan kujerar gabanka tun daga tashi har sauka. A nan na ga halayen mutanen da muka shekara talatin muna majalisa ɗaya ban taɓa gani ba.

Tun a bakin sikeli Hajiya Mai Guzuri ta bayyana kanta. Ita a wurinta Makka gari ne mai albarka amma babu yaji. Jakarta ɗauke take da dambun nama, kilishi, garin kunu, kuka, daddawa, da ƙullin tafarnuwar Wurno wadda ta riga mu shiga jirgi da ƙamshi. Da ma'aikaci ya ce kaya sun wuce kilo, sai ta dube shi duban uwa ga ɗan da ya rasa tarbiyya, ta ce, "Yaro, wanga ba kaya ba na, abinci na." Furar da ta damo a gora ce ta ja rigima, don ba a wucewa da abin sha fiye da mililita 100 a jakar hannu. Ba ta yarda a zubar ba. Nan ta tsayar da layi, ta raba mana, muka shanye a tsaye kamar masu buɗa baki. Goro kuwa, duk shekara hukumar alhazai na jan kunne cewa Saudiyya ba ta yarda a shiga da shi ba. Ta rantse ba ta ɗauko ba. Na yarda da ita, sai dai har muka kai Habasha bakinta bai daina ja ba.

Sai Tsohon Hannu. Shi ya yi Hajji zamanin jirgin Kabo, tun daga nan ya zama muftin sararin samaniya. Ba a tambaye shi ba zai gaya maka kujerar da ta fi, ya gaya maka direban nan sabon shiga ne, daga yadda ya karya kwana ya gane. Mutumin Rabah ne, don haka kowace magana sai ta biya ta kan Sardauna: a garinsu aka haife shi, kuma tun 1955 ya yi Hajjinsa na farko, saboda haka hawa jirgi gadonsu ne. Kai ɗan Goronyo in ka yi gardama ya ce ku dam kuka sani. Shi ne ya umarci kowa ya tauna cingam saboda toshewar kunne, wannan ya yi gaskiya. Shi ne kuma ya danna maɓallin kiran ma'aikaciya sau huɗu yana neman kunna fitila, ya ce wa yarinyar da ta zo, "A da ba nan suka sa shi ba."

Kusa da ni Mai Tsoro ya zauna, wani ƙaton masunci daga gefen madatsar Goronyo. Mutumin da ke shiga ruwan Rima da damina a kwalekwalen da ni ko da kuɗi ba zan taka ba. Jirgi na fara gudu ya kama hannuna ya matse, sai da na ji zobena ya shiga nama. Ya karanta duk addu'ar da ya sani, da ta ƙare ya koma ta shiga kasuwa. Ya ɗaure bel ya ja har numfashi ya yi masa wuya, bai kwance ba awa huɗu da wani abu. Da iska ta ɗan girgiza mu sai ya raɗa mini, "Malam, in Allah ya yi ikonai, akwai buhu shida na shinkahwa da ani bi na Achida." Na ce in Allah ya yi ikonsa ai tare za mu, wa zan gaya wa? Ya yi shiru, ya ga ban kyauta ba.

Fitsari ne ya ci ƙarfinsa daga ƙarshe. Ya tafi banɗaki da butarsa, ya danna abin kora ruwa, abin ya yi wannan zuƙar mai kama da tsawa. Ya fito a guje, ɗaurin wando a hannu, yana tambaya ko shi ne ya huda jirgin.

Mai Barci ba shi da dogon tarihi. Ya ɗora kai a kafaɗar wanda bai sani ba tun muna saman Kano, ya farka don abinci, ya ci nasa, ya tambayi ko za ka ci biredinka, ya koma. Haka ma Mai Hoto, wanda ya roƙi kujerar taga da Allah da Annabi, ya ɗauki gajimare sau tamanin, da muka sauka wayar ta mutu, ya bi mu yana aron caja.

Wanda na fi jin daɗinsa Malam ne, mai lissafi. Malamin zaure ne daga Wurno, gidansu ba nisa da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Tunda ya gano taswirar da ke allon bayan kujera, fim bai ƙara burge shi ba. Yana bin ɗan jirgin da yatsa yana neman Sudan, don ya nuna mana Mai Wurno, garin da ke bakin Shuɗin Nilu, inda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya zauna da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya ce kakanninmu da ƙafa da jaki suka bi hanyar nan, ta Barno da Cadi da Darfur, suna tsayawa su yi noma su sami guzuri, wani ya shekara bakwai bai ga Bahar Maliya ba, wani ya yi aure a zango ya zauna ke nan. "Ku kau awa huɗu kuna kukan gwiwa." Maganarsa gaskiya ce, amma shi kujerar bakin hanya ya samu, ƙafarsa a miƙe.

Lissafin nasa a Addis ya ci karo da wanda ya fi shi. Agogon can ya riga namu da awa 2, wannan mai sauƙi ne. Sai dai Habashawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, abin da muke kira bakwai na safe su ƙarfe ɗaya ne. Shekararsu wata 13 ce, kuma tana bayan ta Turawa da shekara bakwai zuwa takwas. Kamfanin jirgin kan ba wanda zangonsa ya kai awa 8 zuwa 24 masauki da abinci, to a masaukin ne wani yaro ya gaya wa Malam mota za ta koma filin jirgi ƙarfe tara. Malam ya tashe mu tun asuba, muka yi wanka, muka jeru a ƙofa da jakunkuna ƙarfe tara na safe. Ashe uku na yamma yaron yake nufi. Tsohon Hannu ya ce shi da ma ya sani. Hajiya kuwa da ta ji zancen shekara, ta ce a bar ta a nan, ta sami ragin bakwai.

Awa shida ke nan suka faɗo mana kyauta, aka rabu gida-gida.

Malam ya ce sai ya ziyarci kabarin Najjashi, sarkin da ya karɓi Sahabbai a hijirar farko. Aka gaya masa Negash, inda kabarin yake, can arewa take a yankin Tigray, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ya tambaya ko ba a samun kabu-kabu. Da ƙyar ya haƙura da masallacin Anwar, ya yi azahar a can, ya dawo yana yaba sahunsu.

Masallacin a cikin Merkato yake, kasuwar da ake sa wa cikin mafi girma a Afirka, kuma nan Ɗan Kasuwa ya ga gida. Dillalin albasa ne na kasuwar Lahadi ta Goronyo. Ba ya jin Amharanci ko Turanci, amma cikin minti goma ya gano layin 'yan albasa, da hanci ina ji. Ya tsuguna, ya ɗauki guda, ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya ɓare ɓawo ɗaya, ya girgiza kai. Ya ɗauki tafarnuwa ya auna a tafin hannu. Shi da matar da ke sayarwa suka yi ciniki da kalkuletar waya, ta rubuta, ya goge ya rubuta, ta kama kai, ya miƙe kamar zai tafi, ta kira shi. Ya juya birr ɗin Habasha zuwa dala, dala zuwa naira, ya kira ƙanensa a gida ya ce kada a sayar da ta rumbu tukuna. Bai sayi ko ƙwaya ɗaya ba. Matar ce ma ta ba shi gahawa a ɗan finjali, ta ga ɗan'uwan sana'a. A ganina duk cikinmu shi kaɗai ya ga Addis Ababa. Ni na shiga tasi na zaga, na ga gine-gine da hedikwatar Tarayyar Afirka ta gilashin mota, na biya kuɗin da har yau ban gaya wa iyalina ba.

Wurin abincin rana Mai Tsantseni ya yi nasa. An kawo injera, wata faffaɗar waina mai tsami da ake yi da ƙwayar tef, mai kama da iburu. Ya ɗauka tsumman goge hannu ne, ya goge. Da aka ce ita ce tuwon, ya ɗanɗana ya ce ta kwana. Daga nan ya lallaɓa wurin Hajiya, wadda jiya ya yi wa dariya a bakin sikeli. Ta bar shi ya gama kame-kamensa, sannan ta buɗe dambu ta ce, "Kawu, ai kaya na, ba abinci ba."

Akwai kuma Mai Gaggawar Lada. An gaya mana jirgi zai ratsa miƙati kafin Jidda, za a sanar, sai mutum ya ɗaura harami kafin hawa ya yi niyya a sama. Shi tun safe ya ɗaura nasa, kada a riga shi. Addis kuwa a kan dutse take, sama da mita 2,300, sanyinta ba ya jin kunyar baƙo. Mutumin da ya saba da zafin Rabah na watan Afrilu ya wuni cikin tawul biyu, haƙora na kaɗawa, yana leƙen rigunan sanyinmu. Malam ya ce masa tunda bai yi niyya ba ya sa rigarsa mana. Ya ce a'a, mutane sun riga sun gani.

Saura mutum ɗaya, Mai Gadin Ƙofa. Wani dattijo ne daga Gandi. Tun daren jiya ya ƙi bin mu masauki. Ya ce shi ba yawon buɗe ido ya kawo shi ba, kuma ya ji labarin waɗanda jirgi ya tafi ya bari. Ya nemi ƙofar da aka rubuta a takardarsa, ya shimfiɗa darduma a gabanta, ya sa jaka a matashi, fasfo a cikin hula. Kusan awa 20 bai matsa ba sai don alwala, ita ma da gudu.

Da muka dawo filin jirgin Bole da la'asar, allo ya nuna an sauya wa jirgin Jidda ƙofa. Muka bi allo, muka yi layi, aka fara shiga. Sai da aka ƙirga mu aka ga babu mutum ɗaya. Lasifika ta yi ta kiran sunansa da lafazin da ko mahaifiyarsa ba za ta gane ba. Ni da masuncin Goronyo muka ruga tsohuwar ƙofa, muka same shi zaune daram, shi ne na farko a layin wani jirgi mai zuwa Mumbai, Indiyawa jere a bayansa. Ya ɗago ya dube mu muna haki, ya ce, "Kun gani ko? Da ba don na riƙe muku wuri ba."