Madalla da Waɗanda Suka Share Mana Daji

Tun shekarun 1970 da samarin Kalifoniya suka fara harhaɗa tsofaffin kekuna suna gangarowa da su daga kan tsauni, babban abin da mai wannan wasa yake nema shi ne turbar da ba kowa a kanta. Wasan ya bunƙasa har ya shiga gasar Olamfik a 1996. A can sai an zuba kuɗi kafin a keɓe wa mahaya daji. Mu a Zamfara kyauta aka yi mana, don haka wajibi ne mu gode wa shugabanninmu.

Wani ɗan maƙwabcina a Gusau ya ɗauki watanni yana haɗa nasa keken. Firam na gwanjo ya saya, ya samo taya mai kauri, ya ciro sarƙa da giya daga wani mataccen keke, ya ɗaure birki da hannunsa. Burinsa ya tuƙa zuwa Kwatarkwashi, ya zagaya gindin dutsen nan da matafiyi ke hangowa daga titin Gusau zuwa Tsafe, ya gangara fadamun Bunguɗu. Kai, yaro ya zo duniya a kan gaɓa! Da can da ya sha wahala. Turbar cike take da manoma sun ɗaure fartanya a kariya, ga jakuna da taiki, ga mata da ƙoren nono za su kasuwa, ga shanu sun tare burtali. Yanzu an sauƙaƙe masa. Ƙauyuka da dama sun tashi, gonaki sun koma saura, mutanen suna raɓe a kangwayen birni. Ba zai ko taɓa ƙararrawa ba.

Kuma wace hukuma ce ta taɓa tallata keke kamar tamu? A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, an katse layukan waya a jihar, an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka, an taƙaita zirga-zirgar babura. Talaka ya bi doka, ya kakkaɓe tsohon kekensa. Na daji kuwa suka ci gaba da tafiya a kan baburansu, goyon biyu da uku, kowa da bindiga. A 2023 aka cire tallafin mai, sauran masu babur a gari su ma suka koma feda. Ai likitoci sun ce motsa jiki lafiya ne.

Karimcinmu ma abin a yaba ne. A watan Yuli na 2022, a masarautar 'Yandoto da ke Tsafe, aka naɗa wa Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani, mutumin da 'yan sanda suka sa kuɗi a kansa. Jama'a suka yi ca, aka dakatar da sarkin da ya naɗa shi, kafin shekara ta zagayo aka mai da shi kujerarsa. Wa ya ce ba mu san darajar masu tsaron daji ba? Ga shi suna aiki ba dare ba rana: sai ka biya kafin ka yi shuka, ka sake biya kafin ka yi girbi. Wanda ya kasa, a tafi da shi, iyalinsa su sayar da gona da bisashe su kai kuɗin fansa. Ba sa ma jiran ka je musu. A watan Satumba na 2023 har Sabon Gida suka zo da dare, suka kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, galibinsu 'yan mata, suka shiga da su dajin.

Mahaifin yaron nan dai bai fahimci wannan ci gaba ba. Ya rantse keken ba zai fita bayan gari ba muddin yana numfashi, kuma duk uban da na sani haka zai yi.

Saboda haka muna gayyatar manyanmu, na Gusau da na Abuja, su zo su ɗanɗani aikin hannunsu. Za mu ara musu keken. A tashi bayan sallar asuba, a bi turba zuwa Tsafe, ba jiniya, ba soja, ba mota mai sulke. Wanda ya dawo, shi zai faɗa wa uban yaron cewa tsaro ya inganta.