Tambarin Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

A dajin nan da sabis ɗin waya ya kai, babu wanda bai san Bushiya da buga PUBG Mobile ba. Tun da gem ɗin ya fito a 2018 take fama da shi. 'Yan wasa ɗari ne ke dira tsibiri da lema, da'ira ta yi ta matsewa har a bar guda ɗaya. Sauran dabbobi da sun sauka sai harbi. Ita kuwa sai ta sami ciyawa ta lafe, ta bar su su cinye junansu, a da'irar ƙarshe ta fito ta ɗauke wanda ya rage. Da masu tambayarta sirrin suka yi yawa, ta buɗe tasha a YouTube. Saura tambari.

Ta nufi rumfar Gizo a bakin kasuwa.

"Ke dai kawo kuɗi, 'yar uwa," in ji Gizo. "Kafin ki zauna an gama."

Ya ɗauko hoton Zaki a intanet, ya ɗora masa kambi, ya gitta takubba biyu, ya ƙara wuta da walƙiya, ya murɗe haruffan sunanta, launi har bakwai. A babban allon kwamfutarsa abin gwanin kyau.

Da ta je gida ta ɗora, YouTube ya yanke hoton ya mai da shi da'ira, bakin takubban da rabin sunan suka tafi. Hoton da ta ɗora mai fiksel 800 tsawo da faɗi ya koma 98, a wayar masu kallo kuwa ya zama kamar miyar da ta zube a tabarma. Ba a nan matsalar ta tsaya ba: Kura, Zomo, har Kwaɗo, duk zakin nan Gizo ya sayar musu. Masu neman tasharta suka riƙa faɗawa ta Kura. Ana haka Dila ya iso da saƙo daga fada: Manyan Dawa na tambaya wa ya ba su izinin yin kasuwa da fuskarsa. A sauke, ko a kai ƙara a sauke musu.

Bushiya ta kwana ba ta runtsa ba. Da asuba ta kama hanyar gidan Hawainiya mai zane.

"Gwaggo, tambari nake so, mai ban tsoro."

Hawainiya ba ta taɓa fensir ba. Ta miƙa mata waya. "Buga in gani, 'yata."

Ta zauna tana kallo, ido ɗaya a kan waya, ɗaya a kan mai wasan, har aka yi zagaye uku. Wannan zaman ne Gizo bai yi ba, kuma ni a ganina nan ne rabin aikin yake.

"To ina zaki a nan? Ban ji kin yi ruri ko sau ɗaya ba. Dunƙulewa kike yi, kina jira."

Sai ta ja takarda. Ta zana, ta goge, ta sake, har rana ta take. Abin da ya rage a ƙarshe ɗan dunƙule ne mai ƙayoyi goma sha biyu, ido ɗaya a buɗe yana leƙe daga ciki. Ta shafa masa baƙi da rawaya.

"Gwaggo, ke da launin duniya duk yake jikinki, biyu kacal?"

"Ƙungiyar masu buga gem ta Fnatic da ke Landan, wadda aka kafa a 2004, da baƙi da ruwan lemo duniya ta san ta. Kin taɓa jin an ce bai ishe su ba?"

Ta rage zanen ya koma girman farce, ta manna a jikin kuka, ta kira ɗan Kurege da ke wucewa. Ya ce tabo ya gani. Ta cire ƙayoyi bakwai, ta ƙara wa biyar ɗin da suka rage kauri, ta sake kiransa.

"Bushiya ce ta dunƙule! Amma tana kallona."

Ta cire launin ma, ta gwada shi baƙi a kan fari, fari a kan baƙi, saboda ranar da za a ɗinka shi a hula ko a sassaƙa hatimi. Sunan ta ware shi gefe da haruffa miƙaƙƙu, ba a cikin da'irar ba. Sannan ta ba ta fayil biyu: SVG, wanda ko allon bakin titi aka buga da shi ba zai dushe ba, da PNG marar bango don kusurwar bidiyo. Ta rubuta takarda cewa zanen ya zama mallakin Bushiya, ta sa hannu.

Ba a yi wata ba, Kura ta ga masu kallonta sun koma inda dama suka nufa. Ta zo tana huci.

"Ni ma a yi mini irin nata."

Hawainiya ta miƙa mata waya. Kura ta dira tsibiri, ta hango akwatin kaya ya faɗo daga jirgi yana hayaƙi, ta kwasa a guje a fili fetal. Kafin ta kai aka harbe ta. Zagaye na biyu ma haka.

Hawainiya ta ja takarda, ta fara zana wangamemen baki.

Ƙurunƙus.