Tabarmar Mai Littafi a Tawa da Masu Tsugunna Mata

Mai sayar da littattafai a kasuwar Tawa ba ya buƙatar kanti. Tabarma ɗaya ta ishe shi, sai duwatsun danne kaya, domin iskar Adar ba ta san girman ilimi ba. A kan shimfiɗar nan harsuna uku ke kwance: Larabci a gefe, Faransanci a gefe, Hausar boko a tsakiya, wadda yawancinta ta biyo hanyar Ƙonni daga Sakkwato da Kano da Zariya. Ranar Lahadi da kasuwa ke ci, mutanen Barmu da Kalfu da Afala sukan shigo gari, a sayar da akuya a sayi hatsi, in canji ya rage a tsugunna gaban littattafai. Mai tabarma ya daɗe da gane abu guda: da wuya wanda ya biya kuɗin littafi ya zama shi zai karanta. Kusan kowa wani yake zaɓar wa, kuma ba a shawarci wanin ba.

Wanda ya fi yawa, musamman a watan Oktoba da ake komawa lakwal, shi ne Uban Lista. Takardar da mushe, wato malamin lakwal, ya rubuta tana ninke cikin hularsa tun daga Barmu, gumi ya cinye rabin layin ƙarshe. Shi allo ya yi, bai yi boko ba, saboda haka sai ya ɗora takardar kusa da bangon littafi yana gwada baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ko sun yi kama. Daga nan sai ya buɗe littafin ya leƙa ciki kamar mai duba haƙoran ragon layya.

"Wanga nawa na?"

"Jika biyu, Alhaji."

"Dala ɗari."

"Albarka."

Za a kai rabin sa'a a haka. A ƙarshe, da ya ji littafin ajin CE1 da na CM2 kuɗinsu ɗaya, sai ya ɗauki na CM2, tunda ya fi kauri, yaro kuma ai girma zai yi ya iske shi. Kada a yi masa dariya da yawa. Littattafan da cibiyar INDRAP ke tsarawa a Yamai ba sa isar kowane ɗalibi a ajin ƙauye, kuma littafin da ya saya yau sai ya bi hannun ƙanne huɗu ko biyar kafin ya koma wajen mai ƙosai.

Ɗan Abijan ba ya tayi. Adarawa sun yi suna wajen tafiya cirani, Abijan da Legas da Libiya duk sun san su, kuma wanda ya dawo da aljihu cike yana son garinsu ya shaida. Shi da nauyi yake sayen littafi. Zai ɗaga wannan, ya ɗaga wancan, wanda ya fi rinjayar hannu shi ne na ɗansa. Ta haka ne ƙamus ɗin Larousse ke shiga hannun yaron da ke ajin CI, wanda bai gama rarrabe b da d ba. A gida za a naɗe ƙamus a leda, a sa shi ƙasan akwati tare da takardar fili, a gargaɗi yaron cewa ranar da ya taɓa shi da hannun tuwo zai gane kurensa.

Malam kuwa ba ya zaɓe, domin an riga an zaɓar masa tun ƙarnoni da suka wuce. Tsanin karatun zaure a shirye yake: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, sannan Risala. Ahalari wani malamin ƙasar Aljeriya, Abdurrahman al-Akhdari, ya rubuta shi a ƙarni na 16; Risala ta Ibn Abi Zaid ce, mutumin Ƙairawan ta Tunisiya, tun ƙarni na 10. Almajirin da ya ce zai tsallake ɗaya, kallo kawai malam zai yi masa ya koma layi. Inda malam ke ɓata lokaci shi ne bugu. In aka miƙa masa Alƙur'ani bugun Madina, irin wanda alhazai ke dawowa da shi, zai karɓa da hannu biyu, ya yaba takarda, ya mayar. Wannan Hafsu ne, shi kuwa Warshu ya haddace, da rubutun da fa'un ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf ke da ɗigo ɗaya a sama. Yana son bugun Kano, in da hali rubutun Sharif Bala, wanda za a zuba a gafaka. Idan ya gama, sai ya tambayi mai tabarma ko an rage wa malamai, ya biya rabi, ya cika sauran da addu'a. Mai tabarma bai taɓa samun bakin cewa addu'ar ba ta kai ba.

Akwai tsohon mushe mai ritaya, wanda ke zuwa ba don saye ba sai don ta'aziyya. A wurinsa ilimi ya rasu ranar da aka daina karanta Mamadou et Bineta, littafin da André Davesne ya tsara wa makarantun Afirka ta Yamma wajen 1930. Zai ɗauki sabon littafin karatu da yatsa biyu, ya ƙirga hotuna, ya girgiza kai. Jikansa ya roƙi littafin labari, shi kuma ya saya masa Bled da Bescherelle, wato dokokin rubutu da jujjuya aikatau, ya ce labari na ciki in ya iya nema. Mutumin nan ya yi zamanin da ake rataya wa yaro alamar horo a wuya in ya kuskura ya yi Hausa a farfajiyar lakwal, kuma shi kansa ya rataya wa wasu. A watan Maris na 2025 sabon kundin mulkin ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Tun lokacin ana ganin tsohon mushen yana jujjuya Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, wai duba kurakurai yake.

Mafi aminci cikin masu saye ba ta taɓa zuwa da ƙafarta ba. Yarinya take aikowa, da kuɗi ƙulle a bakin zane da sunan marubuciya a baki: Balaraba Ramat, ko Bilkisu Funtuwa, in babu a kawo duk wanda ya zo sabo daga Kano. Ta karanta Alhaki Kuykuyo Ne, ta karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991 ya zaga ƙasar Hausa duka. Matsalarta ɗaya ce, kuma marubutan ne suka ƙirƙire ta da gangan: littafi na ɗaya yakan ƙare daidai lokacin da kishiya ta ɗaga labule. In na biyu bai iso ba, yarinyar aike za ta yi sawu uku a yini, mai tabarma ya rantse har ya gaji cewa mota ba ta zo daga Ƙonni ba. Maigidanta yana cewa littattafan nan ɓata tarbiyya suke, amma da dare shi ke tambaya ko a ƙarshe an sake ta. Masu raina wannan karatu su tuna cewa mata da yawa da aka cire daga lakwal a CM1 ko CM2, da Faransancinsu ya zube cikin shekara biyu, waɗannan labaran ne suka hana idonsu manta baƙi. Yanzu dai waya ta kwashe rabin cinikin: labarin na zuwa ta WhatsApp, ko a saurare shi ana tuƙa tuwo.

Ɗalibin jami'a a tsaye yake karatu. Jami'ar Tawa, wadda aka buɗe a 2010, tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin da ya wallafa littafi a 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa, inda ya bi labarin Agabba ɗan sarkin Agadas da yadda ya kafa mulki a ƙasar. Ɗalibin zai tambayi wannan littafi da murya mai ƙarfi don a ji, alhali ya san babu shi a tabarma. Sai ya ɗauki Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, ya karanta babi guda, ya ninke kusurwar shafi, ya ce gobe zai dawo. Yakan dawo kuwa, ya ci gaba daga inda ya ninke. Abin da yake saye da kuɗinsa hoton kwafi ne, shi ma na shafukan da malami ya ce za su fito a jarrabawa.

Sai mai raɗa. Yakan jira kowa ya watse, ya matso, ya tambayi fassarar mafarki ta Ibn Sirin, ko littafin magungunan gargajiya mai babin ƙarfin maza. Kullum wani abokinsa ne ya aiko shi.

Duk cikin taron nan, wanda aka fi yi wa sayayya shi ne yaro, shi ne kuma ba a tambaya. Yana tsugune gefen ubansa, idonsa na kan wani siririn littafi mai hoton kura da gizo. Irin waɗannan ba su da yawa. Kamfanonin ɗab'i na Yamai irin su Albasa da Gashingo sun buga littattafan yara da Hausa da sauran harsunan ƙasa, amma galibinsu ta hanyar makarantu da ƙungiyoyin agaji suke yawo, ba kasafai suke sauka kasuwa ba. Abin da ya fi samuwa shi ne Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya aka fara bugawa a 1937, littafi uku, da akun nan mai surutu da ya hana ɗan sarki fita yaƙi da labarai har ya zama waziri. Shekaru kusan 90 ke nan, ba a sami wanda ya ture shi daga tabarma ba, abin da ke nuna gwanintar Imam, yana kuma nuna ƙarancin waɗanda suka zauna suka rubuta wa yara bayansa.

In yaro ya yi ƙarfin hali ya nuna da yatsa, amsar a shirye take: "Wannan ai tatsuniya ce. Kakarka na ba ka ita kyauta." A ganin uba, littafin da ba ya kai mutum ga jarrabawar BEPC, ba ya kuma gyara masa alwala, almubazzaranci ne.

Jefi-jefi akan sami wata gwaggo, galibi malamar asibiti ko ta makaranta da ta zo hutu, ta durƙusa ta ce, "Kai, wanne kake so?" Yaron yakan duba bayansa tukuna, ya tabbatar da shi ake. Sai ya ɗauki mai kurar, ya fara karatu tun cikin motar komawa Barmu, ya ƙarasa da fitilar waya kafin a yi shirin kwana, da safe ya ba ƙannensa labarin har da ƙari. Uban da ya ji an gama littafi a dare ɗaya sai ransa ya ɓaci, ya ce an cuci gwaggo: ga ɗan maƙwabcinsu can, shekara bakwai da saya masa Larousse, har yau bai cinye shi ba.