Su Wa Ke Zaune a Teburin Masana?

A tara masana a ɗaki guda, a jefa musu tambayar da babu mai tabbacin amsarta. Kafin a gama raba ruwan gora, halin kowa ya fito.

Malam Na-Sani ne ke fara buɗe baki, kuma "wataƙila" ba ta cikin kalmominsa. Mai bincike Philip Tetlock ya shafe kusan shekara 20 yana bin diddigin hasashen masana 284. Sakamakon da ya fitar a 2005 ya nuna masu auna komai da aƙida guda sun fi masu kaffa-kaffa shan ƙasa. Wannan bai sa malam ya rage murya ba, gidajen talabijin ma shi suke rububi.

Kusa da shi ɗan amshin Shata ne, idonsa na kan bakin shugaba. Kada a yi saurin yi masa dariya: a gwajin Solomon Asch na 1951, inda aka haɗa baki da wasu su ba da amsar ƙarya kan tsawon layi, kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi yarima sun sha kiɗa aƙalla sau ɗaya, alhali layin na gaban idonsu.

Wanda ya fi iya haɗa kan jama'a shi ne Malam Mai-Yiwuwa, don maganarsa ba ta da kaifin da za ta yanki kowa. A 1951 masana leƙen asirin Amurka suka amince a rubuce cewa akwai babbar yiwuwar a kai wa Yugoslabiya hari daga ɓangaren Tarayyar Sobiyet. Kowa ya gamsu. Sai Sherman Kent, ɗaya daga cikinsu, ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya yana tambaya: kashi nawa kake nufi? Wani ya ce 20 cikin 100, wani 80. Ashe jimlar kaɗai suka yarda da ita.

Akwai kuma Malam Dama-Na-Faɗa. Arthur Schlesinger, mashawarcin Shugaba Kennedy na Amurka, ya rubuta wa shugaban cewa bai yarda da shirin kutsawa Kyuba na 1961 ba, amma a zaman taro ya ja bakinsa. Bayan shirin ya watse ya yi ta cizon yatsa.

Mai taurin kai kuwa, shi ne ke hana a tashi cin abinci, kuma wani lokaci gaskiyar tana wurinsa. Daren 27 ga Janairun 1986, injiniya Roger Boisjoly ya dage cewa sanyi zai hana robar da ke toshe mahaɗar rokar kumbon Challenger aiki. Manajoji suka keɓe, aka ce wa shugaban injiniyoyi ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Washegari kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashi, da mutum bakwai a ciki.

Don gudun waɗannan halaye ne Olaf Helmer da Norman Dalkey na cibiyar RAND suka ƙirƙiro tsarin Delphi a shekarun 1950: ba taro, ba ganin fuska. Kowa ya rubuta amsarsa a ɓoye, a tattara, a mayar wa kowa ya sake dubawa, har ra'ayoyi su kusanto juna. Nan ma sai da wani sabon malami ya ɓullo, wanda ke cika takardar zagayen farko da zumuɗi, ta biyu kuma a yi ta kiran wayarsa ba ya ɗauka.