Faifai na Goma Sha Tara

Jiya Laraba, bayan sallar Azahar, na shiga wani shagon ɗab'i a cikin birni riƙe da leda mai fayafai ashirin da ɗaya, kuma da yake waɗanda suka halarci abin da ya biyo baya suna da yawa, kowannensu da bakinsa, na ga ya kyautu in riga su ba da labarin kafin su ƙara masa gishiri.

Asalin al'amarin gajere ne. Littafin ajami ne na wani malaminmu, na ɗauki hoton shafukansa na tara a fayil guda, ya kai megabayit 30 ko bayan an matse shi, alhali faifan nan mai inci uku da rabi ba ya ɗaukar fiye da megabayit 1.44, don haka ya wajaba in raba shi da tsarin ZIP, wanda Ba'amurke Phil Katz ya fitar a 1989, mai yanka fayil gunduwa-gunduwa, in faifai ya cika ya nemi na gaba. Ba abin aibi ba ne, domin Windows 95 ma, da duk alfarmarta, a kan fayafai 13 aka sayar da ita. Illa dai tsarin yana da sharuɗɗa biyu: fihirisarsa tana kan faifan ƙarshe, saboda haka shi na'ura take fara nema, sannan in gunduwa ɗaya ta ɓaci, sauran duka sun bi ta.

Yaron shago ya ba ni kujera, na zura na ƙarshe, na koma na farko, na bi su ɗaya bayan ɗaya, a bayana kuwa layi yana ta tsawo: ga mai katin aure da za a ɗaura jibi, ga ɗalibi rungume da kundinsa, ga kuma wani dattijo mai rawani, yana cin goro a natse, yana kallon allon da idon wanda ya daɗe yana yanke hukunci. Goma sha takwas suka shige lafiya, har na fara gyara zaman hulata. Da na zura na goma sha tara sai na'urar ta sauya murya, ta yi ƙirrr, ta yi ƙas-ƙas kamar keken ɗinki da zare ya sarƙe masa, ƙaramar fitilarta ta tsaya kore ba ƙiftawa, kana ta rubuto cewa faifan ba ya karantuwa. Na sake, ta sake. Shagon ya yi tsit, har ina jin kukan fanka.

Dattijon ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, nawa suka shiga?" Na ce, "Goma sha takwas, ranka ya daɗe." Ya ce, "To ai an gama. Fuƙaha'u sun tabbatar cewa mafi rinjaye yana ɗaukar hukuncin duka. A buga haka nan." Na yi masa bayani cikin ladabi cewa na'ura ba ta bin wannan ƙa'ida, ya girgiza kai don tausayin jahilcinta, sannan ya ce tun da ragi aka samu ba ƙari ba, ƙabli ya kama ta, a bar ta ta yi sujada biyu a ci gaba. Mai katin aure ya juya wa bango fuska, kafaɗunsa suna rawa.

Ban ankara ba faifan yana hannun dattijo. Ya juya shi gaba da baya, ya gano murfin ƙarfen nan mai zamewa, ya ja shi da babban yatsa har baƙin fallen ciki ya bayyana, ya ce, "Ƙurar hunturu ce kawai, ɗan nan." Na ga ƙirjinsa ya cika da iska, na ga kumatunsa sun kumbura, na tuna da goron, na buɗe baki in ce "Baba", amma ladabi ya jinkirta harshena da gwargwadon abin da ake bukata, ya yi bisimilla ya busa. Jajayen ɗigo-ɗigo suka sauka a kan shafukan malaminmu, manya da ƙanana, ɗaya har da ɓarɓashi, shi kuwa ya goge su da gefen rawaninsa, ya miƙo mini yana murmushin wanda ya sauke farali.

Ba a mayar wa dattijo alherinsa a gaban jama'a, don haka na zura. Na'urar ba ta ko yi ƙara ba. Da na danna maɓallin fitarwa sai faifan ya fito tsirara, murfinsa da ya lanƙwashe ya maƙale a ciki, yaron shago ya yi salati ya ɗauko tsinken tsire yana zungura, ɗalibi ya zauna a ƙasa, mai katin aure ya daina dariya.

Dattijo ya tambayi kuɗin sabon faifai, aka gaya masa, fuskarsa ta washe. "Ashe ma ba asara," in ji shi. "Ka sayi sabo, Malam, ka rubuta goma sha tara a bayansa."