Tarina ya fi waƙata kasuwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Riruwai cikin hunturu ya san sanyin garinmu ba sa'an na birnin Kano ba ne. Gari ne a tsakiyar duwatsu, inda aka haƙi kuza tun zamanin Turawa, kuma iskar Janairu in ta gangaro ba ruwanta da wane ne mawaƙi. Ni dai mura ta kama ni a makon da wani mai sitidiyo a Kwanar Dangora ya yi shela ta WhatsApp cewa yana neman 'yan amshi, don zaɓen 2023 ya ƙarato, waƙoƙin siyasa sun yi masa yawa.

Ranar gwajin murar ta fara sauƙi, wato majina ta tsaya, hanci ya toshe, murya kuma ta dishe. Na gaida Inna da asuba, ta waiga tana neman baƙon da ya shigo.

"Kai ɗan nan, da wannan muryar za ka je?"

Kafin in amsa ta ɗora tukunya. Citta, kanumfari, masoro, lemon tsami da zuma, na shanye ina hawaye. Ta lulluɓe ni da bargo na yi sirace da ganyen darbejiya. Kawu ya leƙo ya ce duk wannan aikin mata ne, maganin murya ɗanyar tafarnuwa, a tauna kada a haɗiye da wuri. Wa ya isa ya musa wa Kawu?

A mota ma ban tsira ba, domin Bahaushe ba ya jin atishawa ya yi shiru. Muna shiga dajin Falgore wani dattijo ya zaro man zafi ya ce in shafa a ƙirji da maƙogwaro. Direba ya miƙo namijin goro. Da tafarnuwa da man zafi suka gamu, sai fasinjoji suka zuge gilasai duk da sanyin, wata Hajiya ta ja mayafi ta rufe hanci tana salati. A Tudun Wada muka tsaya ɗaukar buhunan shinkafa, ƙurar ɓuntu ta taso daga injinan casa, duk wahalar Inna ta bi iska.

Sitidiyon ɗaki ne ɗan ƙarami, an manne bangonsa da kwalin ƙwai don kada sauti ya fita. Ga fiyano, ga kwamfuta, janareto na ruri a waje. Samari daga Kiru, Kofa da Bebeji sun yi layi, kowa na gyaran murya. Wanda ke gabana ɗan masunta ne daga Tiga, ya ce kakansa ya sauka can tun da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo. Yaron nan da ya buɗe baki sai da tsigar jikina ta tashi. Na so in sulale, amma na tuna kuɗin mota.

Aka sa mini abin sauraro a kunne, kiɗa ya tashi. Baitin farko na lallaɓa shi ta ƙasa-ƙasa, har Oga mai sitidiyon yana gyaɗa kai. Da aka zo wurin da ake ɗaga murya, sai abin da ya fito ya zama kukan zakaran da ya sha dukan ruwa. Na ja numfashi in gyara, atishawa ta riga ni. Kai tsaye cikin makirfo! Mai haɗa sauti ya yi wurgi da abin kunnensa ya dafe kai. Tari ya biyo baya, mai zurfi, irin mai amo daga ƙirji.

"Malam," in ji Oga, "na'ura tana miƙe muryar da ta karkace ne, ba ta tayar da wadda ta mutu. Allah ya ƙara sauƙi."

Ina neman takalmina sai wani mutum da ke zaune a lungu ya miƙe. Ashe mai maganin gargajiya ne, ya zo a haɗa masa tallar da zai riƙa sawa a lasifikar motarsa.

"Oga, dakata. Ɗan'uwa, don Allah maimaita tarin nan."

Na maimaita. Ya ce in ƙara da nishi. Na ƙara. Ya rantse ya daɗe yana neman tari mai ban tausayi irin wannan bai samu ba. Nan take aka ɗauka: ni ne majinyaci kafin shan magani, yaron Tiga kuma shi ne bayan an sha. Ya sallame ni da tsofaffin takardun dubu-dubu, a daidai kwanakin da aka sauya fasalin naira kowa na gudunsu. Sai da na haɗa direban komawa da girman Allah kafin ya karɓa.

Bayan zaɓe mutumin ya bugo waya yana son talla ta biyu. Na je da muryata garau, na rera masa waƙa. Ya saurara, ya girgiza kai ya ce, "Kash, ka lalace. In sanyi ya dawo ka neme ni."

Saboda haka in ka bi ta kasuwar Tudun Wada ko Kwanar Dangora ka ji mota tana tari a lasifika, ka tsaya ka saurara da kyau, ɗan'uwanka ne. Maganin kuwa ko ɗanɗana shi ban taɓa yi ba.