Kowa Da Irin Amsarsa

Shekara huɗu na yi ina tura wa mutane imel ɗin ɗaukar aiki a wani kamfani da ke Bompai, nan Kano. Takardar ba ta canzawa: ga muƙami, ga albashi, ga ranar kama aiki, a sa hannu a maido cikin kwana bakwai. Amsoshin ne kowa da kiɗan garinsu.

Akwai Malam Gaisau. Shi imel zaure ne, sai ya cire takalmi ya durƙusa. Sallama, ina kwana ranka ya daɗe, ina gajiya, ya iyali, ya muka ji da zafi. Sai addu'a ga shugaban kamfani da iyayensa da jikokin da ba a haifa ba. Sai labarin yadda ya gama bautar ƙasa ya yi shekara shida yana yawo da fayil a hammata. Ina karantawa har idona yakan kawo ruwa, wallahi. Amma in na kai ƙarshe sai in koma sama ina lalube, don bawan Allah bai ce ya karɓa ba, bai ce ya ƙi ba.

Kishiyarsa ita ce mai amsa da "To." Shi ke nan. Bahaushe kuwa ya san "to" ɗin murna daban, na "ya zan yi" daban, na "za mu gani" daban, kuma a rubuce duk kamarsu ɗaya. Ƙaninta babban yatsa yake turowa, kamar a WhatsApp.

Ɗan Kwari shi ne gwanina. Kafin godiya ya ce albarka. Neman ƙari ba laifi ba ne, mu ma mukan bar ɗan wuri saboda masu nema, in dai mutum ya gode, ya faɗi adadi, ya kawo dalili. Shi dalilinsa kuɗin haya, tsadar mai da bikin ƙanwa. Ya yi tayi, ya yi kamar zai tafi, ya waiwayo ko za a kira shi, sai ka rantse shadda muke sayarwa. Amma gara shi da wanda bai karanta komai ba sai lambar albashi. Wannan bai san za a cire haraji ba, bai san dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci kashi 8 cikin ɗari ba. Tuni ya ci bashin mashin, ya aika gidan su yarinya a sa rana. Ƙarshen wata alat ya shigo, sai ga shi a bakin ofishina yana tambayar wa ya taɓa masa kuɗi.

Mai zargi kuwa ban cika ganin laifinsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma 'yan damfara sun sha karɓar kuɗin fom a hannunsa. Sai dai "Allah ya isa" amsa ce mai nauyi ga kamfanin da ka zauna intabiyu a cikinsa makon jiya.

Sai mai shawara: Baba ya amince, saura Kawu, shi kuma ya tafi Umara. Da wanda mai shagon intanet ya buɗe masa imel tun lokacin JAMB, kalmar sirrin ta bi mai shagon Legas. Wata biyu da ba wa wani gurbin zai bugo waya yana cewa, "Yallaɓai, har yanzu shiru."

Ni ma da aka ɗauke ni, layi huɗu na rubuta tsaf: na gode, na karɓa, zan fara ranar Litinin, ga takardar na sa hannu. Na tura, na miƙe ƙafa ina jin kaina. Bayan la'asar amsa ta zo: "Malam, wace takardar?"